Shafin da Gwaggo Take Buɗewa Ran Juma'a

Babanmu ɗinkin tamfol ya yi har ƙarfinsa ya ƙare. Rumfarsa tana Magama, daf da boda, inda manyan motoci suke jeruwa kafin su haura Nijar. Duk direban da iska ta yaga masa rufin kaya tsakanin Katsina da Maradi ya san inda zai tsaya. Mutum ne mai surutu da baƙi, mai ƙarancin magana a gida, kuma sai da basilla a hannu labari yake zuwa masa. Ni kuwa ko zare ban gada ba. Boko na yi, na ƙare a Katsina ina haɗa wa mutane shafukan intanet. Har ya rasu, in abokansa suka tambaye shi sana'ata sai ya ce aikin kwamfuta, ya yi maza ya sako wata maganar don kada a nemi ƙarin bayani.

Yana da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda aure ya kai wani ƙauye a ƙasar Maradi tun ba a haife ni ba. Ita ce Gwaggo. 'Ya'yanta duk maza ne, shi ya sa tun ina ciki ta roƙi Baba, in mace aka haifa a ba ta. Ya ce ya ba ta. Da lokacin yaye ya yi can aka kai ni, kuma a ɗakinta na yi wayo. A bayanta na san hanyar rijiya, a cinyarta aka yi mini kitson farko ina tsala ihu. Da na isa shiga makaranta, Baba ya ari babur ya je ya ɗauko ni, domin a lokacin babu makaranta a ƙauyen nasu. Gwaggo ta ɗaure mini kayana a ɗankwali, ta cusa mini ƙuli-ƙuli a ciki, ta raka mu bakin hanya. Ba su taɓa yin faɗa a kan maganar ba, kuma a ganina da sun yi da ya fi. Shekara da shekaru suna gaisawa, ana haɗuwa wurin biki da suna ana dariya, amma kowa a dangi ya san akwai abin da aka taka aka wuce.

Danginmu rabi nan ne rabi can, sai waɗanda neman abinci ya watsa Kaduna da Legas. Duk bayan kaka mukan yi taron zumunci, kuma a wani taron ne aka ɗora mini aikin yi wa dangi shafi. Dalilin a bayyane yake: hotunanmu duk a wayoyi suke, waya kuwa in ba ta faɗa ruwa ba an sace ta, in ba a sace ta ba ta cika an goge komai. Matasan can suka ce a sa Faransanci, na Legas suka ce Turanci, dattawa suka ce in ba Hausa ba, su ba ruwansu. Aikin dangi ke nan, mai yi ɗaya, masu umarni ba iyaka.

Na samo wata 'yar manhaja da ake jona wa shafi don ya iya harsuna da yawa, mu a wurin aiki fulogin muke ce mata. Abin da take yi shi ne ta raba shafi kamar gidan gandu, kowane harshe da sashensa da ƙofarsa. Na kasa kayan rukuni-rukuni, biki daban, suna daban, gona daban, rasuwa daban. Sannan kowane mutum na yi masa alama da sunansa, yadda in ka latsa sunan, duk abin da ya shafe shi zai taru wuri ɗaya, da adireshinsa na kansa wanda za ka iya tura wa wani. Sai dai manhajar nan ba ta san abin da ake kira na kowa ba. Kowane rukuni da kowace alama sai an yi na Hausa, an yi na Turanci, an yi na Faransanci, an ɗaure su da juna. Haka na bi sunayen danginmu kaf ina maimaitawa ina tsaki.

Shekarar da aka rufe boda ciwon Baba ya tsananta. Motoci suka tsaya, rumfa ta mutu, shi ma ya kwanta. Na tattaro na dawo Jibiya jinya. Da hantsi in ya ɗan ji dama, nakan ajiye waya kusa da filonsa in ja shi da hira ina ɗaukar muryarsa. Ya ba ni labarin yadda ya koyi ɗinki a wurin wani Ba'adare mai zafin hannu, da shekarar da ruwa ya ci gonarmu ta Riko, da direbobin da suka riga shi tafiya. Gwaggo ba ta iya zuwa ba. Masu ƙarfi suna ratsowa ta daji a babur, ita kuwa gwiwoyinta ko tsakar gida da ƙyar suke kai ta. Sukan yi waya, amma duk kiran ba ya wuce ya jiki, da sauƙi, ya yara, Allah ya ƙara sauƙi. Ina zaune a gefe ina jin su, kamar in fizge wayar in faɗi maganar da bakina.

Wata rana shi da kansa ya ce in kunna abin ɗaukar. Na kunna, ya gyara murya.

"Yaya, ni ne. Maganar yarinyar nan ce. Na ba ki, na zo na amshe, ko ruwan gidanki ban tsaya na sha ba. Na san abin da na yi maki. Ki yafe mani."

Iyakarta ke nan. Na ce bari in tura mata yanzu, ya ce a'a, sai bayan ransa. Na yi magiya, ya juya fuska bango. Da ya juyo sai ya ce in sa ta a shafin nan nawa inda kowa zai ji, domin a gaban mutane ya ɗauke ni, a gaban mutane yake so ya roƙa. Ya kuma ce in tabbata ta ji. Bai daɗe ba bayan haka Allah ya yi masa cikawa, aka kai shi makwancinsa kafin labari ya gama isa ƙauyen Gwaggo.

Bayan an share makoki na ɗora muryoyin duka a ƙarƙashin alamar sunansa, saƙon Gwaggo a sama. Na buɗe a wayata, na buɗe a ta ƙanena, komai lafiya lau. Na tura adireshin ga babban ɗanta, wanda direban babbar mota ne, kuma taubashina, tunda ni 'yar namiji ce shi ɗan mace. Na kira shi na tambaya ko sun gani. Ya ce sun gani, Allah shi saka da alheri, Allah shi jiƙan Kawu. Na ajiye waya na zauna jiran abin da Gwaggo za ta ce.

Ba ta ce komai ba. Dangin nan gida duk sun saurara, wasu har da kuka, kowa ya zuba ido. Masu kiranta sukan ce mata sun ji muryar marigayi, ta ce Allah sarki, su kuma kunya ta hana su ƙarasa maganar, tunda a zatonsu ta ji ta zaɓi yin shiru. Mahaifiyata tana cikin takaba ta ce mini in bar zancen, ba a tilasta wa mutum yafiya. Ni kam na kasa bari. A rayuwata ban taɓa jin haushin Gwaggo ba sai a lokacin. Mutum ya roƙe ki yana bakin kabari, ki kasa ko aiko da kalma ɗaya? Na rage kiranta. In na kira, gaisuwa ce cikakkiya babu abin da za a kama ni da shi, amma ita ta goya ni, ta san muryata in ta yi sanyi.

Haka aka ci damina aka yi girbi. Rannan na je Magama in kwashe kayan aikin Baba daga rumfa, don mai wurin yana so ya ba wani. Ina cikin naɗe ragowar tamfol sai ga taubashina a bayan babur, ya yi buɗu-buɗu, ya ratso daji neman wani ƙarfen mota a kasuwar Jibiya. Muka gaisa, muka taɓa wasan da muka saba, ya ce na yi ƙiba da kujerar ofis, na ce shi kuma zaman banza ya mayar da shi direban tabarma. Ya zauna a kan bencin Baba ya sha ruwa. Sannan ya ce, yana dariya:

"Hajiyar kwamfuta, ashe haka aikin naku yake? A kira mutum walima, a aje mashi akushi a ruhe, in ya buɗe ba komi ciki."

Duk duniya ba mai iya gaya mini wannan sai shi. Wasan taubasai yana da wannan amfanin, abin da kunya ta hana kowa faɗa, taubashi zai faɗe shi yana dariya, in ya yi zafi a ce wasa ne. Na ce ya nuna mini. Ya ciro wayarsa, wadda su can suke ce wa salula, ya latsa adireshin da na tura masa. Shafin ya buɗe, ga sunan Baba, ga hotonsa da hula a karkace. A ƙasa kuwa fili fetal, sai wani ɗan layi da Faransanci mai cewa babu komai a nan.

Kallo ɗaya na yi wa adireshin na gane. Ni na Hausa na tura, amma ga haruffan sashen Faransanci sun shigo gabansa. Manhajar tana da wani karambani da ake ɗauka kirki ne: takan leƙa harshen da aka saita waya da shi, ta ja mai ita zuwa sashen wannan harshen ba tare da ta tambaye shi ba. Wayoyin can kuwa kusan duk da Faransanci suke zuwa, ko da mai wayar bai san komai a ciki ba sai gaisuwa. Hotunan biki suna fitowa a sashen nasu, don an fassara 'yan bayanan da ke ƙarƙashinsu. Muryar Baba kuwa Hausa ce zalla, ba abin fassarawa, saboda haka a sashen Hausa kaɗai ta zauna. A lissafin manhajar, duk wanda ke bayan boda Bafaranshe ne, ba shi da abin yi da tsoho mai magana da Hausa.

Na tambaye shi me ya sa ya ce mini sun gani. Ya ce ai sun gani ɗin, hoton suka gani. Dariyar ta bar fuskarsa, ya shiga ba ni labari. Duk Juma'a in ya dawo masallaci Gwaggo takan ce ya buɗe mata wurin ƙanenta. Ta karɓi wayar ta kai kusa da ido ta kalli hoton, ta tambaya ko an sa muryar, ya ce ba a sa ba, ta ce to ya rufe. Ya so ya kira ni tun farko ta hana, ta ce ba a zuwa gidan makoki da roƙo. Tana jin dangi suna cewa sun ji muryarsa, tana ganin hotunan kowa suna buɗewa, na ƙanenta kaɗai ne wayam. Sai ta yanke wa kanta cewa shi ya bar wasiyya kada a buɗe wa ɓangarenta, ko kuma ya yi wa kowa sallama ita ce bai tuna ba. Ba ta faɗa wa kowa ba sai shi, shi ma sau ɗaya.

Na rasa inda zan sa kaina don tausayi. Ina nan ina fushi da ita, ashe ita tana can tana zuwa ƙofar duk mako ana mayar da ita. Na ciro wayata na kunna masa saƙon. Ya sunkuyar da kai yana murza wani guntun zare da ya tsinta a ƙasa.

Na ce ya kawo wayar in tura masa yanzu, ya kai mata yau ɗin nan. Ya girgiza kai.

"In na kai mata a salulata, cewa za ta yi roƙowa na yi kunka ji tausai. Kin san ta. Sai dai ta iske shi inda kowa ya iske shi."

Gaskiya ya faɗa, na san ta. Na bar kayan rumfa a nan na koma gida na buɗe kwamfuta.

Hanya mafi sauƙi ita ce in kwafi kowace murya in yi mata gurbi a sashen Faransanci. Na fara, sai na tsaya. Ke nan duk abin da aka ƙara nan gaba sai wani ya tuna ya yi masa kwafi, ranar da aka manta kuwa wata tsohuwar ta sake buɗe ɗaki ba kowa. Na yanke shawarar in ƙwace sunayen mutane daga hannun manhajar gaba ɗaya. Rukuni su ci gaba da zama kashi-kashi, don biki da rasuwa kowane harshe da yadda yake kiransu. Amma sunan mutum ba a fassara shi. Kowa ya zama da alama ɗaya da adireshi ɗaya, babu harafin wani harshe a gaba, ko daga wace ƙasa aka shigo.

Faɗa ya fi yi sauƙi. Da na haɗe alamomin, manhajar ta ƙi sakin tsofaffin, ta riƙa liƙa wa sunan Baba lamba a wutsiya kamar motar haya, sai da na bi na goge su har cikin kwandon shara. Wannan na gyaruwa, sai adiresoshin da na riga na raba wa dangi suka mutu, in ka latsa a ce maka babu wannan shafin. Nan ne hankalina ya fi tashi, domin tsohon adireshin ne a wayar taubashina, shi ake buɗe wa Gwaggo. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, na Hausa da na Faransanci da na Turanci, ina yi musu kwatance, yadda duk wanda ya ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa za a wuce da shi sabuwar bai ma sani ba. Daga ƙarshe na kashe mata leƙen harshen wayar mutane. Wanda yake son Faransanci ga wurin latsawa nan a sama, ya zaɓa da hannunsa.

Na mayar da wayata Faransanci na gwada, ya yi. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga igiya gudu yake. Wayar can nake so, mai layin can. Taubashina ya riga ya koma, kuma mun yi da shi ba zai taɓa shafin ba sai a gabanta. Don haka washegari na sake hawa mota zuwa Magama. Direbobin Nijar da rufin boda ya ritsa da su suna nan a inuwar motocinsu, sun shimfiɗa tabarmi suna dafa shayi. Na yi sallama na roƙi wani dattijo aron wayarsa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce rezo, wato sabis, sai an matsa wajen shingen duwan, kwastan ɗinsu, ya tashi ya raka ni. Na rubuta tsohon adireshin. Shafin ya yi jim, sannan ya buɗe, muryoyin suka jeru reras. Na latsa labarin koyon ɗinki don in tabbata sauti yana fita. Baba bai kai ƙarshen jimlar farko ba dattijon ya ce ai wannan mai tamfol ne. Ya ɗaga hannu ya kira 'yan uwansa, suka kewaye wayar suna saurare, wani yana cewa rufin motarsa ma ɗinkinsa ne. Da ya ƙare suka yi masa addu'a a tsaye cikin rana, na shafa tare da su.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci wayata ta yi ƙara. Taubashina ne, da wayar matarsa. Ya ce in yi shiru kada in yi ko tari, zai ajiye ta a bayan filo. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Ina jin kaji, ina jin wata tana daka can nesa, layin yana yankewa yana dawowa. Na ji ya yi sallama, na ji Gwaggo ta amsa, ta tambaye shi wa ya ja salla. Sannan ta ce ya buɗe mata wurin ƙanenta, da muryar wanda ya riga ya san amsa.

Sai na ji Baba ya gyara murya, ya ce, Yaya, ni ne.

Da ya gama ta ce a sake, aka sake. Sannan ta yi magana, kuma ba da ɗanta take ba.

"Kai ke nan. Kana raye bakinka ya yi nauyi, sai da ka bari ƙasa ta ruhe ka. Na ji zahi, ba ni ɓoye maka. Na daɗe ina zuba tuwo a kwanonta in tuna ba ta nan." Ta tsaya ta ja numfashi. "Amma da ka bar mani ita, da yanzu tana nan tsakar gida tana daka, wa za ya kawo mani muryarka? Na yahe. Kai ma ka yahe mani, ban taɓa ce maka ka yi daidai ba."

Na toshe baki da mayafi, amma kukan ya fi ƙarfina. Ta ji. Ta tambaya wane ne a bayan filo, taubashina ya fara kame-kame, daga baya ya ce ɗiyarta ce. Na ji an jawo wayar, na ji numfashinta daf da kunnena. Na ce Gwaggo. Ta ce ta ji ni, Allah shi yi mani albarka, amma yanzu ba da ni take ba, in kashe waya in bar su su ƙarasa maganarsu. Na kashe.